Daga Kwalin Kaset Zuwa Memori: Inda Kuɗin Mai Fasaha Ya Maƙale

Tudun Wada ta Zariya unguwar baƙi ce tun asali. Turawan mulki ne suka keɓe ta a wajen ganuwa domin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birnin Zazzau ba, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta tsinci kanta a tsakiyar harkar boko da ɗab'i. Daura da ita aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, shi ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun 1950, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. A wancan zamani duk wanda ke da injin ɗab'i shi ke da iko da kofe. Wanda ba shi da kuɗin sayen Magana Jari Ce sai ya ara, kuma aro ba ya mai da littafi ɗaya ya zama biyu. Marubuci da mawallafi suna iya sanin adadin da aka buga, da adadin da aka sayar.

Kaset ne ya fara warware wannan ƙulli. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, rediyo mai cin kaset ya shiga gidaje da shaguna da motocin haya, daga baya kuma mai baki biyu ya zo, wanda ke kwafe abin da ke cikin wannan kaset ya zuba a wancan. Waƙoƙin Mamman Shata da na Musa Ɗanƙwairo sun kai garuruwan da mawaƙan ba su taɓa takawa ba. Su kam abin bai karya su ba, domin abincinsu yana wajen iyayen gida da filin biki, kaset kuwa suna yake ƙara musu. Malamai ma haka. Mai tafsiri yana so a kwafa, a raba, a kai ƙauye, lada yake nema. Almajiran Sheikh Muhammad Auwal Albani, wanda ya karantar a Markazus Salafiyya da ke nan Tudun Wada har zuwa daren da aka kashe shi a ranar 1 ga Fabrairun 2014, sun yaɗa karatunsa na Sahihul Bukhari daga kaset zuwa faifai zuwa memori, kuma ba wanda ya kira wannan sata. To amma a nan ne kunnen jama'a ya saba da cewa abin da aka naɗa na kowa ne. Shagon da ke kwafar wa'azi da safe shi ke kwafar fim da yamma, da na'ura ɗaya, da farashi ɗaya, mai saye kuma bai ga dalilin bambanta su ba.

Wanda zai fahimci abin da ke samun masu ƙirƙirar manhaja a yau, sai ya tsaya a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Tun kafin a yi fim ɗin bidiyo na Hausa ko ɗaya, 'yan kasuwar wurin sun riga sun ƙware wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da na Cana. Uwar kaset takan iso ta hanyar Dubai, a jera injuna a ɗaki ana ta bugawa dare da rana, dillalai daga Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi su zo su yi sari, wasu a kan bashi. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin da ya gano shi ne, fim ɗin Hausa a kan wannan turba ya hau. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan Gimbiya Fatima ya biyo baya, babu wata hanyar kai kaset ga mai kallo sai ta hannun mutanen da suka koyi sana'ar a kan kayan da ba nasu ba.

Sai aka ƙirƙiro wata dabara wadda ta cancanci a tuna da ita. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Zai buga kwalaye masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya miƙa uwar kaset ga ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya sayi kwalayen gwargwadon abin da yake ganin zai iya sayarwa, ya kwafi fim ɗin a kaset ɗin da ya saya da kuɗinsa, ya zura a kwali. Kaset mai kwali shi ne na halal, marar kwali na sata. Haƙƙin mallakar fim ɗin da aka kashe dubban nairori a kansa ya koma jikin takarda mai sheƙi. Tsarin yana da ɓaraka, domin akwai masu buga kwalin jabu, akwai kuma 'yan kasuwar da ke riƙe kuɗin furodusa wata da watanni. Duk da haka ya yi aiki. A kansa Sangaya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a 1999, Wasila ya biyo a 2000, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta samu abin rubutawa kowane wata, kuma sunan Kannywood, wanda ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, ya zauna. Muddin akwai abin da hannu zai riƙe, akwai wurin da mai fasaha zai tsaya ya karɓi rabonsa.

Faifan sidi ya rage wannan rabo, domin kwafarsa ta fi sauri kuma ba ya dusashewa kamar kaset. Gwamnati ta fito da ƙa'idojin masana'antun faifai a 2006, ana ta kai samame kasuwar Alaba ta Legas. Amma abin da zai rushe kasuwar ba a masana'anta yake ba, yana cikin aljihun mutane.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Cikin shekara goma sai ga wayoyin Cana masu arha, masu ɗaukar memori, masu nuna bidiyo. Daga nan sabuwar sana'a ta ɓullo: mai turi. Matashi ne da kwamfutar cinya, da janareto ko batir, da benci, galibi yana haɗawa da cajin waya. A Tudun Wada, inda ɗaliban harabar Kwango ta Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ke kai-komo, irin waɗannan shaguna ba su da wuyar samu, haka a Samaru da Sabon Gari. A farkon sana'ar, ka miƙa memori, ka ba da naira ashirin ko hamsin, a cika maka da fim da waƙa da wa'azi. Da manhajoji irin su Xender suka zo, ko shagon ma ba dole ba ne, aboki ya ce wa aboki "tura min", cikin minti biyu an gama, ba a taɓa data ba. Fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa, waɗanda kamfanin Algaita ya yi fice a kansu, suka cika memorin jama'a, su ma ba da izinin masu su ba. Shagunan sidi na Ƙofar Wambai da na Bata suka riƙa komawa sayar da kayan waya. Kwali ya mutu, kuma ba a samu abin da ya gaje shi ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, a ce Bahaushe ba ya son biyan kuɗin fasaha. Yana biya. Kullum yana biya. Mai turi yake biya, da mai sayar da data, da mai caji. Kuɗin suna fita daga aljihu, sai dai suna tsayawa a hannun wanda ya kawo kayan, ba sa ƙarasawa ga wanda ya yi su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ga laifin matashin da ya nemi abinci da kwamfutarsa a garin da aiki ya yi ƙaranci ba, amma abin da yake sayarwa gumin wani ne, kuma wannan wanin sau da yawa bai fi shi ƙarfi ba. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta bi hanyar yi wa masu turi rajista, wasu furodusoshi kuma suka fara sayar musu da fim kai-tsaye. Wasu suka nufi silima. Mafi yawa suka koma fim mai dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, kamar Izzar So da Labarina da suka fara a 2020, inda mai talla ke biya a madadin mai kallo.

Wannan kasuwar ce mai rubuta manhaja ya tarar. Ɗalibin da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna wata shida yana haɗa ƙamus na Hausa ko wasan dara na waya, yana fitowa ne gaban jama'ar da suka shekara arba'in suna karɓar fasaha daga hannun mai kwafa. Shi kansa, in za a faɗi gaskiya, a kan Windows ɗin da aka fasa ya koyi aikin, wanda wani mai gyara ya ɗora masa a kan 'yan ɗaruruwan nairori, domin kuɗin na asali ya fi ƙarfin gidansu. Manhajar Android kuwa fayil ɗaya ce. Ana ciro ta daga waya a tura wa wata kamar yadda ake tura waƙa. Idan ya sa mata kuɗi, mutum ɗaya ya saya, unguwa ta samu. Idan ya bar ta kyauta ya dogara da talla, akwai masu fasa ta su cire tallar, ko su sa tasu, su watsa a Telegram. Ko ba a fasa ba, mai amfani da ita yakan kashe data, talla kuma ba ta fitowa sai da intanet.

Ba a Arewa kaɗai abin yake ba, kuma alƙaluman da ake da su daga waje suka zo. A 2008 wasu mutum biyu a Amurka, Kyle Gabler da Ron Carmel, suka fitar da wasan World of Goo ba tare da wani makulli ba, daga baya suka ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na masu buga shi ba su saya ba, ƙididdigar da suka sake tacewa ta sauko zuwa 82. A 2012 kamfanin Madfinger na ƙasar Cek ya mai da wasansa Dead Trigger kyauta a Android, bayan ya gaza sayar da shi ko a kan abin da bai kai dala ɗaya ba. A 2013 wasu 'yan'uwa biyu, Patrick da Daniel Klug, suka saki kofen sata na wasansu Game Dev Tycoon da hannunsu, suka shirya shi yadda kamfanin da mai wasa ke ginawa a ciki zai karye saboda masu satar fasaha. A ranar farko mutum 214 ne suka saya, sama da 3,000 suka ɗauki na satar. A farkon 2015 masu Monument Valley suka sanar cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na waɗanda suka ɗora wasan a Android ne suka biya, a wayoyin Apple kuwa kashi 40. Waɗannan duk suna da masu saye a ƙasashen da katin banki ke aiki ba gargada, shi ya sa ƙaramin kason da ya biya ya ishe su rayuwa. Mai manhajar Hausa ba shi da wannan madogara. A 2022 bankunan Nijeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, da yawansu daga baya suka dakatar gaba ɗaya na tsawon lokaci. A lokacin, wanda ya yi niyyar saye a Play Store ma sai katinsa ya ƙi.

Waɗanda suka yi yunƙurin gina kasuwa ta cikin gida sun sha wuya. Northflix ta fara a 2019 domin a riƙa kallon fina-finan Hausa a biya da naira, Kallo.ng ta biyo baya, dukansu suna gogayya da shagon da ke ba da fim ɗin a kan kuɗin ruwan leda. OkadaBooks, manhajar da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Marubutan littattafan soyayya, waɗanda yawancinsu mata ne, sun koma sayarwa a zaurukan WhatsApp: ki tura kuɗi ta banki, a sa ki a zaure, ki riƙa samun shafi-shafi. Makullinsu ɗaya ne, gargaɗin da suke rubutawa a saman kowane babi cewa littafin na kuɗi ne, wadda ta fitar da shi Allah ya isa. Wani lokaci yana tsorata mai niyya, wani lokaci kuma kafin a kammala labarin ya riga ya zaga. Abin da ya fi ciwo shi ne, cikin masu kwashe waɗannan littattafai har da ƙananan masu manhaja, waɗanda ke tattara ɗaruruwan labarai ba da izini ba su jera a Play Store su ci kuɗin talla. Wanda ake zalunta a wannan layi shi ke zaluntar na layi na gaba.

Ta fuskar shari'a ba a bar maganar a buɗe ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ta ba. A shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta fitar da dokar haƙƙin mallaka mai lamba 47, wadda ta haifar da hukumar da ake kira NCC a yau, kuma manhajar kwamfuta tana cikin abin da dokar ƙasa ta kare a sahun rubutattun ayyuka. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta haramta fasa makullin manhaja, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke kayansa daga shafin intanet ko a toshe shafin. Wannan ci gaba ne ga wanda ke da lauya da kuma shafin da zai nuna da yatsa. Amma yawancin kwafar da ake yi a Tudun Wada tsakanin waya da waya take faruwa, ko tsakanin kwamfutar mai turi da memori, ba ta bi ta intanet ba balle a sauke ta, kuma matashin da ya rubuta manhajar ba shi da hanyar sanin ko mutum ɗari ne ke amfani da ita ko dubu ɗari.