Sabunta kwaltar hanyar shiga gida

Sabunta kwaltar hanyar shiga gida aiki ne da ake yi wa guntuwar hanyar mota da ta taso daga bakin titi zuwa ƙofar gida ko gareji, idan kwaltarta ta tsufa. Iri biyu ne: ko dai a ɗora sabuwar kwalta a kan tsohuwar, ko kuma a fasa tsohuwar a kwashe, a gyara ƙasan, a sake shimfiɗawa tun daga tushe. An fi fuskantar wannan zaɓi a Amurka da Kanada, inda gidaje da yawa ke da irin wannan hanya, kuma mai gida ne ke biyan kuɗin gyaranta daga aljihunsa. Abin da ke raba gardama tsakanin zaɓin biyu shi ne lafiyar tushen da ke ƙarƙashin kwaltar.

Yadda ake gina hanyar

Kwalta haɗi ce na tsakuwa da yashi da wani baƙin danƙo mai suna bitumin, wanda ke saura bayan an tace ɗanyen man fetur. Danƙon kusan kashi 5 ne cikin 100 na nauyin haɗin. Ana dama su a zafin da ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, a kai wurin aiki da zafinsu, a daɓe da rola kafin su huce. Hausa ta aro kalmar "kwalta" daga Turancin "coal tar", wato baƙin danƙon da ake samu daga kwal. Sunan ya zauna, ko da yake kwaltar da ake shimfiɗawa yau daga man fetur take fitowa.

Hanyar tana da hawa uku. A ƙasa akwai ƙasar wurin da aka daddale. A kanta ake zuba tushe na fasasshen dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 20, sannan kwalta mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Kwalta tana ɗan lanƙwasawa idan taya ta taka ta, don haka tushen ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin mota. Hanyar da aka gina da kyau takan yi shekara 15 zuwa 20, wata ma ta wuce haka.

Abin da ke lalata ta

Rana da iska suna busar da danƙon, baƙin ya koma toka-toka, saman ya fara tsagewa. Daga nan ruwa ke samun ƙofa. A ƙasashe masu sanyi, ruwan da ya shiga tsaga yana daskarewa, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya ƙara buɗe tsagar. Idan ya narke sai ya gangara cikin tushe ya jiƙa shi. Man inji da fetur da ke ɗiga daga mota suna narkar da danƙon. Saiwar itace da manyan motoci ma suna yin tasu ɓarnar.

Karanta alamun lalacewa

Ba duk tsagewa ce ke nufin abu ɗaya ba. Dusashewar launi, da zubewar ƙananan tsakuwa daga sama, da siraran tsaga ɗaiɗaiku masu nisa da juna, duk ciwon sama ne. Irin wannan hanyar za ta iya ɗaukar sabuwar kwalta.

Akwai kuma tsagar da ake kamantawa da fatar kada, inda ƙananan tsaga ke sarƙe da juna kamar raga, galibi a inda taya ke bi. Wannan alama ce cewa kwaltar ta daɗe tana lanƙwasawa fiye da ƙima, kuma a mafi yawan lokuta tushen ne ya yi rauni ko ya jiƙe. Haka nan ramin da ke sake buɗewa bayan an cike shi, da kwarin da taya ta bari, da wurin da ya lotsa ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama. Idan ɓarnar a kusurwa ɗaya take, ana yanke wurin a haƙa har tushe a cike, sannan a ɗora sabuwar kwalta a kan hanyar duka. Idan ta kai kwata ko sulusin faɗin hanyar, 'yan kwangila da yawa kan ba da shawarar a fasa kawai. Wannan ƙiyasi ne na masu sana'a. Abin da ya fi shi tabbas shi ne a haƙa ƙaramin rami a gefe a ga kaurin tushen da ido.

Hukumomin tituna suna da ma'aunai na wannan aiki. PCI, wanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya ƙirƙira, yana ba da maki daga 0 zuwa 100, shi kuwa PASER na Jami'ar Wisconsin daga 1 zuwa 10.

Ɗora sabuwa a kan tsohuwa

Ana share hanyar, a cike tsaga da ramuka, a fesa ruwan danƙo siriri domin sabuwar ta kama tsohuwar, sannan a shimfiɗa kwalta mai kaurin santimita 4 zuwa 5. Aikin ya fi arha kuma ya fi sauri, yakan kuma ƙara wa hanyar shekara 8 zuwa 15.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko, tsohuwar tsaga ba ta mutuwa: tana ci gaba da buɗewa da rufewa da sauyin zafi da sanyi, har ta ɓullo a sabon saman daidai inda take a da. Ta biyu, hanyar tana ƙara tudu. Idan ta fi daɓen gareji tsayi, ruwan sama zai juya ya shiga ciki. Shi ya sa ake kankare gefen da ke haɗe da gareji da bakin titi kafin a ɗora.

Sake ginawa

A nan ana kwashe kwaltar duka, a cire ƙasa mai laushi, a ƙara dutse a daddale. Wannan ce kaɗai damar gyara gangaren hanyar yadda ya kamata. Ana so ta karkata da kusan santimita 2 a kowace mita ɗaya domin ruwa ya wuce. Tsohuwar kwaltar ba ta zama shara, ana niƙa ta a mayar cikin sabon haɗi. Kuɗin ya fi yawa, amma lissafin da ya dace shi ne a raba farashin kowane zaɓi da shekarun da zai yi. Wanda ya ɗora sabuwar kwalta a kan ruɓaɓɓen tushe yakan biya sau biyu, domin ba a daɗewa tsagar ke dawowa, kuma a lokacin hawa biyu zai biya a fasa.

Baƙin fenti

Akwai wani baƙin ruwa da ake shafa wa hanya duk bayan shekara 3 zuwa 5. Yana kare ta daga rana da mai, yana dawo da baƙinta, amma ba ya ƙara mata ƙarfi ko kaɗan, kuma mai sayen gida zai iya ruɗuwa da shi. Nau'in da ake yi da danƙon kwal yana gurɓata ruwa, saboda haka birnin Austin na jihar Texas ya haramta shi a 2006, jihar Washington ta bi sahu a 2011, Minnesota a 2014.

A Najeriya da Nijar

Tsakar gidaje a biranen ƙasar Hausa an fi yi musu daɓen siminti ko bulon intalok. Kwalta an fi ganin ta a tituna da rukunin gidaje da harabar makarantu da ma'aikatu, kuma da marmara ake yawan yin tushenta. Babu daskarewar ruwa a nan, amma zafin bazara yana tausasa danƙon, ruwan damina kuma yana cin tushe a duk inda magudanar ruwa ta toshe. A yankin Tafkin Chadi akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, kuma hanyar da ke kanta tana buƙatar a canza ƙasan ko a ƙarfafa shi da farar ƙasa ko siminti kafin a zuba kwalta.