Gatari da Takardar Izini: Tarihin Sana'ar Itace a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina, ta ratsa Kurfi, ta isa Dutsin-Ma, da wuya ya rasa ganin tarin itacen wuta da buhunan gawayi a bakin titi. Bayan kowane tari akwai jerin mutane: mai sara, da mai faskare, da ɗan lodi, da direba, da kuma ɗan kwangilar da ya zuba kuɗinsa. Idan ana zancen ƙarewar daji, galibi kan waɗannan mutane ake ɗora laifi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin sana'arsu daki-daki, domin a nuna cewa tun fil azal tambaya guda ce ke juya ta, wato wane ne mai itacen da ake sarewa?

Kafin Turawa su ci Katsina a shekarar 1903, amsar wannan tambaya ba ta da wuya. Itatuwan gona, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, suna da masu su, kuma gadonsu ake yi kamar yadda ake gadon gonar. Gawo kuwa manomi da kansa ke tsare shi, don yana kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Dajin da ke bayan gonaki yana ƙarƙashin kulawar hakimi da dagatansa, wato Yandaka a ƙasar Dutsin-Ma, Maraɗi kuma a ƙasar Kurfi. Masassaƙi kan shiga da gatari da gizago ya zaɓi itace guda ya fitar da turmi ko akushi ko allo. Maƙeri kan nemi kirya saboda gawayinta mai riƙe wuta. Magini kan nemi giginya don azara. Abin lura a nan shi ne, kayan aikin da kansu sun sanya wa sana'ar iyaka. Gatari yana tafiya ne da ƙarfin dantse, jaki kuma ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin bayansa. Saboda haka daji yana samun sararin tofowa kafin a komo masa.

Zuwan Turawa ya sauya wannan tsari. Dokar daji ta 1916, wadda aka kafa zamanin Gwamna Lugga, ta ba hukuma ikon keɓe daji ta mayar da shi gandu, aka kuma sake fasalinta a 1937. A Arewa, En'e aka danƙa wa yawancin aikin. Ta haka ne a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da na ɗansa Usman Nagogo, malamin daji ya zama sananne a ƙauyuka. Aka jera wasu itatuwa da ba a saran su sai da takarda, ko da kuwa a gonar mutum suke, kuɗin takardar kuma baitulmali yake shiga. Wani abu da ya ƙara wa hukuma ƙaimi shi ne faɗakarwar wani masanin daji ɗan Ingila, Stebbing, wanda ya zaga wannan yanki a 1934, ya koma yana cewa hamada na tahowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai tarar da hamada tana tafiya kamar yadda ya faɗa ba, amma ya tabbatar da cewa sara da ƙuna da noma suna cin daji. A wannan zamani ne kuma darbejiya, wadda aka fara kawowa Barno a 1928, ta bazu a kasuwanni da bakin hanyoyi.

A nan ne aka haifi ɗan kwangilar itace kamar yadda aka san shi. Da yake sara ya koma sai da izini, wanda ya iya sayen takarda, ya kuma san ƙofar ofis, shi ne ya shiga tsakanin mai gatari da mai saye. Masu saye kuwa sun ƙaru: gidan yari, da asibiti, da makarantun kwana, duk da itace suke dafa abinci, daga baya kuma gidajen burodi suka biyo. Dajin da ke yamma da Dutsin-Ma, wajen Safana da Runka har zuwa Rugu, shi ya zama rumbun wannan ciniki. To, amma dokar da ta haifar da ɗan kwangila ita ce ta raba manomi da itacensa. Mutumin da ya san cewa idan tsiro ya girma a gonarsa zai zama na hukuma, ba shi da dalilin barin sa ya girma.

Shekarun 1970 sun zo da abubuwa uku a jere. Na farko, farin 1972 zuwa 1974 ya kashe itatuwa da dabbobi, ya tura talakawa da yawa sayar da itace don su sayi hatsi, haka kuma aka sake yi a farin 1983 zuwa 1984. Na biyu, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, Dutsin-Ma ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma, kula da daji kuma ta rabu tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, inda sau da yawa aka fi kallon takardar sara a matsayin hanyar kuɗin shiga. Na uku, kuɗin man fetur ya kawo kwalta da manyan motoci, birane suka bunƙasa, buƙatar itace ta ninka. Babbar mota ta maye gurbin jaki, sannu a hankali kuma zarton inji ya maye gurbin gatari wajen kayar da manyan itatuwa. Marken da ya shekara talatin yana girma, inji kan kwantar da shi kafin a shanye kofin shayi. Hausawa na cewa gizago ba shi da sabo. To inji ya fi shi rashin sabo.

Kada a ɗauka cewa saurin inji ya mayar da ɗan kwangila attajiri. Kafin itace guda ya faɗi, ya biya kuɗin takarda, ya ba ma'aikata kafin alƙalami, ya sayi fetur da baƙin mai, ya tanadi sarƙa da magagarin wasa haƙoranta, domin kirya da marke suna dakushe ƙarfe da wuri. Motar yawanci ta haya ce, kuma da damina laka kan riƙe ta kwana da kwanaki. A hanya akwai shingaye. Idan kwangilar ta makaranta ce ko ta wata hukuma, biya kan yi jinkiri, alhali mai mota da mai inji ba sa jira. Su kuwa ma'aikata, da jikinsu suke biya: babu hular kwano, babu takalmin kirki, ga maciji, ga reshe mai faɗowa, ga sarƙar da kan tsinke. Mai gawayi kan jera itace, ya rufe shi da ciyawa da ƙasa, ya kwana yana gadin hayaƙi, kuma a irin wannan tsohuwar dabara, nauyin gawayin da yake samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen ba. Bugu da ƙari, kowace shekara daji na ƙara nisa, riba kuma tana ƙarewa a tankin mota.

Hukuma ba ta zauna hannu rabbana ba. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, an soma shirin dashen itatuwa da taimakon Tarayyar Kasuwar Turai a arewacin jihar. An kafa wuraren renon dashe, an shuka jerin itatuwan kare iska, an raba wa manoma dashe. Dakatar da taimakon Turai ga Nijeriya a 1995 ta rage wa shirin ƙarfi ƙwarai. Daga baya sai wata masifa ta daban ta sauko, domin dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, saboda dalilan tsaro. Cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya tsauwala kuɗin sufuri da na inji, a daidai lokacin da tsadar gas da kananzir ke mayar da gidaje da yawa ga gawayi.

Akwai darasi a maƙwabta. A ƙasar Maraɗi ta Nijar, daga wajen 1984, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona, a rage rassansa, a bar masu ƙarfi su girma. A 1992 kuma gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na kansu, su sayar, su riƙe wani kaso na harajin. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya sun kai kadada miliyan 5. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya sakankance cewa abin da ya rena nasa ne.

A taƙaice, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangila yana da nasa laifin, amma tsarin da ya sa itace ya zama na hukuma a takarda, na kowa a daji, shi ne ya koya masa sara ba tare da shuka ba. Ƙasar da ke da ruwan dam ɗin Zobe, wanda aka kammala a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ba ta rasa ruwan renon dashe ko masu ilmin yin sa ba. Abin da ya rage shi ne a tabbatar wa manomin Kurfi da na Dutsin-Ma, a doka da kuma a aikace, cewa itacen da ya rena nasa ne, ya sare shi ko ya sayar lokacin da ya ga dama. Ranar da ɗan kwangila ya koma sayen itace a hannun wanda ya shuka shi, ranar ce sana'arsa za ta sami abin da 'ya'yansa za su gada.