Tarihin Ƙungiyar Nazarin Harshe da Jinsi: Wa Ya Cancanci Shiga?

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin ƙungiyar masu nazarin harshe da jinsi, domin mu gano wanda ya cancanci zama ɗan ƙungiya.

Asalin Ƙungiyar

A 1922 Otto Jespersen, masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, ya keɓe babi guda na littafinsa ga maganar mata, inda ya yi da'awar cewa kalmominsu ba su kai na maza yawa ba. Wato a wancan zamani maza ke nazari, mata kuwa su ake nazarta. Al'amarin ya sauya a 1975, sa'ad da Robin Lakoff ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ta wallafa littafinta, ta danganta salon maganar mata da ƙasƙantaccen matsayin da al'umma ta ba su. A wannan jami'a ne rukunin nazarin mata da harshe ya kira taronsa na farko a 1985.

A 1999 aka kafa ƙungiyar IGALA, wadda ta gāji wancan rukuni. Sunanta ya zo da sauyi biyu: kalmar "jinsi" ta maye gurbin "mata", aka kuma kira ta ƙungiyar duniya. Ta yi taron farko a Stanford a 2000, ta fara buga mujalla a 2007, amma ba ta yi taro a Afirka ba sai 2018, a Gaborone ta Botswana.

Darasin Tarihi

Da farko, ba a gane maganar mata sai an auna ta da ta maza, kamar yadda Peter Trudgill ya yi a Norwich ta Ingila a 1972. Don haka rufe wa maza ƙofa hasara ce, muddin ba su mamaye ragamar ƙungiyar da mata suka assasa ba. Na biyu, hukuncin da aka gina a kan Turanci kaɗai bai wadatar ba. Hausa tana bambanta "kai" da "ke", kuma kunya tana hana mace ambaton sunan mijinta da na ɗanta na fari. Waɗannan sai mai harshen ya fayyace su.

Kammalawa

A ra'ayinmu, ma'aunin shiga shi ne bincike. Duk malami ko ɗalibin da ya duƙufa ga nazarin dangantakar harshe da jinsi, namiji ne ko mace, kowane harshe yake nazari, ya cancanci kujera.