Ina Bankin Habib Ya Shiga? Asirin Ribar da Babu Ita

Har yau akwai gidaje a Kaduna da Kano da Katsina da ke ajiye da takardun hannun jarin Bank PHB, an naɗe su tare da takardun gida da na gona. Masu su sun biya kuɗi, an ba su shaida, amma yau takardun ba sa sayen ko mudun gero. Bankin da ke shelar riba shekara bayan shekara, har a ƙarshen 2008 ya sayi wani bankin, yaya aka yi cikin wata goma aka ce ba ya iya tsayawa da ƙafarsa?

Asalin labarin Bankin Habib ne, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980 da haɗin gwiwar Bankin Habib na Pakistan, marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa na cikin jigoginsa. 'Yan Arewa sun ɗauke shi nasu, musamman da ya buɗe sashen ajiya marar kuɗin ruwa. A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005 ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25. A wannan guguwa Habib ya haɗe da Bankin Platinum, aka sami Bank PHB a ƙarƙashin Francis Atuche.

Daga nan kasuwar hannun jari ta haukace. Bankuna suka yi ta fito da sababbin hannayen jari, malaman makaranta da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka yi ta saye, wasu ma da rancen da bankin da kansa ya ba su. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12, sannan ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo ta rasa kusan kashi biyu bisa uku.

Amsar da aka fara ba mutane ita ce rikicin tattalin arzikin duniya, wanda ya kayar da Lehman Brothers a Amurka a Satumban 2008, ya kuma karya farashin mai. Akwai gaskiya a ciki, domin masu jari na waje sun kwashe kuɗinsu. Amma iska ɗaya ce ta kaɗa bankuna 24 da suka rage a ƙasar a lokacin, kuma fiye da rabinsu sun tsallake binciken da ya biyo baya. Amsa ta biyu ita ce wadda jaridun Legas suka yayata: wai sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya zo da ajandar Arewa ne don ƙwace bankunan Kudu. Wannan ma ta yi rauni ranar 2 ga Oktoba, 2009, lokacin da tsintsiyar ta share shugabannin Bank PHB, magajin bankin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya taɓa zama darakta a cikinsa, alhali yana kan mulki.

Amsar gaskiya tana cikin littattafan bankunan. Duk mai sayen masara a kasuwar Birnin Gwari ya san ba a yarda da bakin buhu, sai an soka ƙarfe a tsakiya da gindi. Shekara da shekaru bakin buhu ake nuna wa masu hannun jari. Sai a 2009 masu binciken Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya, NDIC, suka soka ƙarfen. A bankuna biyar na farko, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, an tarar da bashin naira tiriliyan 2.8, kuma kashi 40 cikin 100 na bashin ya riga ya mace. Ranar 14 ga Agusta aka sallami shugabanninsu, aka zuba naira biliyan 420. Da zagaye na biyu, wanda ya haɗa da Bank PHB, kuɗin ceton ya kai biliyan 620.

A Kano aka warware yadda aka yi algus ɗin, a laccar da Sanusi ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010. Dabara ta farko ita ce jarin bogi. Shugaban banki zai kafa kamfanoni na jeka-na-yi-ka, ya ba su rance daga kuɗin masu ajiya, su kuma su sayi hannun jarin bankin. A takarda jari ya ƙaru, farashi ya tashi, jama'a sun ga ana rububi sun shigo, alhali ko kwabo bai shigo daga waje ba. Sanusi ya ce kashi 30 cikin 100 na jarin Intercontinental da kuɗin masu ajiya aka saye shi, Afribank kuwa kashi 80 cikin 100 na hannayen jarin da ya fitar kasuwa haka aka yi da su.

Dabara ta biyu ita ce ɓoye mataccen bashi. Ƙa'ida ta ce idan bashi ya daina dawowa, banki ya ware kuɗi daga ribarsa don cike giɓin. Maimakon haka sai a sake wa bashin suna, a mayar da shi wata takardar ciniki da ba ta fitowa a ainihin lissafin shekara. Da haka ake samun ribar da za a yi shela, a raba wa manya garaɓasa a kanta. Ta uku ta fi sauƙi: kowane banki da watan da yake rufe littafinsa, don haka mai shirin rufewa zai jawo kuɗi daga ɗan'uwansa na 'yan kwanaki, ya kumbura, bayan an sa hannu ya mayar. Shi ya sa daga 2009 aka tilasta wa dukkan bankuna rufe littafi ranar 31 ga Disamba.

Shari'ar Bank PHB ta nuna cewa irin wannan aiki sai da hannun mai riƙe da littafi. A Yunin 2021 Babbar Kotun Legas ta sami Atuche da babban jami'in kuɗin bankin, Ugo Anyanwu, da laifin satar naira biliyan 25.7, wani kaso an fitar da shi da sunan rance ga kamfanoni aka sayi hannun jarin bankin da shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin Atuche a 2024, shekara 15 bayan sallamarsa. Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar Oceanic, kuwa tun 2010 ta amsa laifi, aka yi mata ɗaurin wata shida, ta sallama kadarorin kusan naira biliyan 190.

Wa ya biya? Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu. Dubban ma'aikata sun rasa aiki. Kamfanin AMCON da aka kafa a 2010 ya saye matattun basussukan, nauyin ya koma kan ƙasa. Ranar 5 ga Agusta, 2011, aka soke lasisin Bank PHB da Afribank da Spring, aka miƙa kadarorin Bank PHB ga sabon banki mai suna Keystone. Masu hannun jari, waɗanda su ne na ƙarshe a layin biya, suka tashi a tutar babu.

Ke nan kuɗinsu ba a 2009 ya ɓace ba. Sun sayi kaso ne a cikin ribar da alƙalami ya ƙirƙira, wadda akantoci suka rubuta, daraktoci suka amince, oditoci suka sa wa hannu. Duk wanda zai sa guminsa a kamfani ko ƙungiyar adashi, kada ya tsaya ga ribar da aka faɗa masa. Ya tambayi nawa ake bin mutane bashi, nawa ne ya dawo, su wa aka ba, kuma wa ya duba littafin.