Lambobin Mazan Jiya da ke Kwance a Adaka



Ranar da muke kwashe kayan kakanmu bayan rasuwarsa, a ƙasan adaka muka tarar da wata tauraruwa ta tagulla mai tsini shida, rataye a ƙyalle ja mai shuɗin gefe da ratsin ruwan goro. Saura ƙiris ƙanena ya haɗa ta da tsofaffin ƙarafa ya miƙa wa 'yan jari-bola. Daga baya na gane ita ce Burma Star, lambar da Ingila ta ba sojojin da suka yi yaƙin Boma tsakanin 1941 da 1945. Dubban 'yan Arewa sun je wannan yaƙi a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Na juya bayanta ina neman sunansa, babu komai. Ashe haka Ingila ta raba taurarin Yaƙin Duniya na Biyu, ba suna, ba lambar soja. Na Yaƙin Farko kuwa an buga suna da lamba a jikinsu. Haka ma lambobin jarumta, da lambar daɗewa a aiki da kyawun hali, wadda a wancan zamani sai soja ya shekara 18 yake samu. Ke nan tauraruwar Boma, da zarar ta rabu da gidan mai ita, babu mai iya cewa ta wane ce.

In ana son ganin abin da jerin lambobi ke iya faɗa, a dubi Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno. Da Jamusawa ya fara aikin soja a Kamaru, har suka ba shi lambar jarumta. Sojojin Ingila suka kama shi a 1915, shekarar da Garwa ta faɗi, sannan a 1917 ya shiga rundunarsu. Ya kai muƙamin babban samanja a bataliya ta uku, ya samu Military Medal a yaƙin Habasha, ya je Boma, aka ƙara masa British Empire Medal a 1944. Ya ajiye aiki a 1953 bayan shekara 36, aka ba shi muƙamin kaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya, dauloli biyu masu gaba da juna, kowacce ta rataya masa lamba a ƙirji. Wane marubuci ne zai ce bai ga littafi a nan ba?

Masu tara irin waɗannan kaya sun daɗe da sanin sirrin. A gidajen gwanjo na Landan, lamba guda marar suna ba ta da wani kuɗin kirki. Wadda ake rububi ita ce jeri cikakke na soja ɗaya da ya daɗe a aiki, haɗe da hotonsa da takardar sallamarsa, domin labarin ake saye, ba tagullar ba. Mu kuwa labarin muke fara zubarwa. Tsoho ya rasu, a raba lambobinsa tsakanin jikoki, gara ta cinye takardun.

Ni ban tambayi kakana komai ba yana raye, kuma ban daina nadama ba. Don haka ga aikinmu na wannan mako. Duk wanda gidansu ko unguwarsu akwai tsohon soja, ko na Boma ne, ko na Kwango, ko na yaƙin basasa, ya nemi izini ya ɗauki hoton lambobin gaba da baya. Ya kwafi suna da lamba da bataliya daga takardar sallama. Kada a goge su da yashi ko toka, kada a raba jerin. Sannan a zauna da matarsa ko 'ya'yansa, a kunna rikodar waya, a tambaye su yadda ya tafi da yadda ya dawo.

Wanda ya samo wani abu, ya kawo mana shi nan mu karanta tare. Allah Ya jiƙan mazan jiya.