Karatun Fasahar Gine-gine da Hanyoyi: Yadda Za a Zaɓi Makaranta Mai Inganci da Sauƙin Kuɗi

Mun tanadi wannan bayani domin iyaye da ɗalibai na Hayin Banki da kewayenta a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, da mutanen karkara masu turo 'ya'yansu birni karatu, da kuma kansiloli da masu unguwanni waɗanda jama'a kan nemi shawararsu. Fannin da muke magana a kai shi ne wanda ke horar da ma'aikatan da ke tsayawa a kan aikin titi, gada, kwalbati, magudanar ruwa da ginin bene, su auna fili, su karanta zane, su tabbatar an haɗa kankare daidai. Duk wanda ya ga yadda aka sāke gina gadar Kawo, wadda aka buɗe a 2022, ya ga irin aikinsu.

Karatun hawa biyu ne. Ana yin ƙaramar difiloma, wato ND, cikin shekara biyu, sannan ɗalibi ya yi shekara ɗaya yana koyon aiki a kamfani ko ma'aikata, kafin ya koma babbar difiloma, wato HND, ita ma shekara biyu. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, tare da kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci, lissafi, fizis da kemistiri.

Abu na farko da za a bincika shi ne tantancewa. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, ita ce ke da alhakin tantance kwasa-kwasan difiloma a Nijeriya, kuma mun yi sa'a hedikwatarta na nan cikin garin Kaduna. A nan ne iyaye da yawa suke yin kuskure. Hukumar tana tantance kowane kwas ne shi kaɗai. Makaranta na iya samun amincewa a kwas ɗin akanta, alhali sashenta na gine-gine bai samu ba; tana iya samun izinin ND ba ta da na HND. Har ila yau amincewar tana da wa'adi, idan ya cika sai an sāke zuwa dubawa. Saboda haka kada a tsaya ga allon bakin ƙofa ko tallar rediyo. A nemi sunan makarantar da sunan kwas ɗin a jerin da hukumar ke wallafawa a shafinta na intanet, ko a je ofishinta a tambaya. Kuɗin Keke Napep daga Kawo zuwa can bai kai asarar shekara biyu ba.

Haka kuma a tabbata gurbin karatun ya fito ta tsarin CAPS na hukumar JAMB, wanda aka fara amfani da shi a 2017. Ɗalibin da aka ɗauka ta bayan fage yakan gamu da cikas ranar da za a tura sunansa hidimar ƙasa.

Ga makarantun gwamnati biyu da ke kusa da mutanenmu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta faro ne a 1956 a matsayin cibiyar koyon sana'o'in fasaha, ta zama kwaleji a 1968, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, kuma babbar harabarta na Tudun Wada. Ta biyu ita ce Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, mallakar jiha, wadda aka kafa a 1989. A 2023 gwamnatin jiha ta rage kuɗin makarantar Nuhu Bamalli daga naira 100,000 zuwa naira 50,000. Tun da kuɗin makaranta kan sauya daga shekara zuwa shekara, a karɓi adadin na bana daga ofishin makarantar, kuma kada a biya ta hannun wani dillali.

Amma kuɗin rajista kashi ɗaya ne kawai na ɗawainiyar. Yaron Hayin Banki da ke karatu a Tudun Wada zai kwana gidansu, ya ci tuwon gidansu, abin da zai nema shi ne kuɗin mota kullum. Wanda ya tafi Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80, sai an kama masa ɗaki ko ya samu wurin kwanan ɗalibai, ga abinci, ga kuɗin zuwa gida. Ga ɗan ƙauyen Kudan ko Soba kuwa, lissafin ya juya, Zariya ce kusa. A ƙara da kayan zane, takalmin aiki, hular kwano da kuɗin aikin kammalawa na shekarar ƙarshe. A ganinmu, makarantar da ta fi araha ita ce wadda iyali za su iya ɗaukar nauyinta har yaro ya gama, domin mun sha ganin ɗalibai sun tsaya a zangon karatu na uku.

Game da inganci, ido ya fi kunne. Uba ko wan ɗalibi ya je sashen da kansa, ya nemi a nuna masa ɗakin gwajin ƙasa da na kankare. A wannan fanni ana zuba kankare a ƙananan akwatuna, a jiƙa shi a ruwa, a matse shi da inji bayan kwana 7 da kwana 28 domin a san ƙarfinsa. Idan injin ya yi tsatsa, ko na'urar safiyo ɗaya ce ɗalibai ɗari ke kallo daga nesa, to allo kawai ake koyarwa. A tambayi ɗaliban shekara ta biyu sau nawa suka fita fili awo, da kuma inda aka tura su horon SIWES na wata huɗu. Su ba su da dalilin ɓoye gaskiya.

Akwai hanyoyin samun tallafi. Asusun ba da rancen karatu na ƙasa, NELFUND, ya fara aiki a 2024. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, kuma ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Jiha ma tana da Hukumar Ba da Tallafin Karatu da Rance. A nan muke kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su hanzarta ba da takardar shaidar asali, domin jinkirinta kan sa ɗalibi ya rasa damar shekara guda.

Bayan kammalawa, Majalisar Kula da Aikin Injiniya ta Nijeriya, COREN, tana yi wa mai HND rajista a rukunin masana fasaha, mai ND kuma a rukunin da ke ƙasa da shi. Wanda yake son cikakken matsayin injiniya sai ya ƙara karatu a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sassan ayyuka na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan su riƙa duba wannan rajista kafin su damƙa wa wani kula da aikin kwalbati ko ginin aji.