Hunturun Jos da Lambunan Shaƙatawa: Waiwaye daga Gada Biyu

Wanda ya tsaya a Gada Biyu ta Jos da asubar watan Janairu, ya ga direbobi sun yi cincirindo a teburin mai shayi kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, zai ɗauka babu furen da zai kai bazara a garin nan. Alhali sanyin ne ma ya kawo lambunan.

Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Turawan da suka zo haƙar kuza a farkon shekarun 1900 sun tarar da iska mai kama da ta gida, sai suka shiga dasa wardi da sauran furannin ƙasarsu, suka kuma yaɗa noman dankalin Turawa. Da haƙar ta bar ramuka da tulin ƙasa, aka cika wuraren da itacen turare, ɗan asalin Ostareliya, don ba ya zaɓen ƙasa. A 1952 Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos, daga baya aka yi gidan zu kusa da shi. A 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kafa gandun namun daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8, har da kurmin itatuwan fayin. Filin wasan yara mai sunan Solomon Lar ya biyo baya.

A Fulorida ta Amurka, inda aka buɗe Disney World a 1971, can ne masu lambu ke da dalilin fargabar sanyi. Idan ma'auni ya sauka ƙasa da sifili, ruwan cikin ganye yakan daskare ya fasa shi, kafin hantsi ayaba ta yi baƙi ta langaɓe. Sanyin 1983 da 1985 da 1989 ya kashe gonakin lemo masu yawa a can, shi ya sa suke lulluɓe tsirrai da dare, wani lokaci har da kunna musu na'urar ɗumama.

Namu bai kai nan ba. Daren hunturu a Jos yakan tsaya wajen digiri 11, in ya tsananta ya ɗan sauka ƙasa da 10. Ƙanƙarar da ke yayyaga ganye kuwa da damina take zuba. Abin da ke cin lambu shi ne busasshiyar iskar da ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwan sama: ƙura ta rufe ganye, ƙasa ta tsage, ciyawa ta bushe, guntun taba ɗaya ya isa tada gobara. Turare da ƙerana, wadda Birom ke shinge da ita tun kaka da kakanni, ko a jikinsu. Furen kwalliya ne ke mutuwa, sai a ɗora wa sanyi laifi, don ba ya iya kare kansa.

Masu kula da wuraren shaƙatawar Jos su gyara rijiyoyin burtsatse tun kafin Nuwamba, su kuma riƙa biyan masu ban ruwa a kan kari.